Takardar Marke Uku

Salisu, ranar sunan ɗanka na fari ina zaune a zaure na ji kana ba abokanka labarin yadda aka tura ni can arewacin Yusufari. Ka ce wai cin hanci na ƙi karɓa, manya suka fusata suka jefa ni cikin yashi. Abokanka suka yi ta jinjina kai, ɗaya har ya dawo ya sake durƙusawa ya gaishe ni. Ban ce komai ba, don ranar farin ciki ce. Ba laifinka ba ne. Haka aka gaya maka, haka aka gaya wa Binta da Usman, ni kuma ina ji ana faɗa na yi shiru shekara da shekaru. Yanzu da idona ya fara rauni, gara in rubuta muku yadda abin ya faru da hannuna, kada ku ba 'ya'yanku labarin da ba nawa ba.

Kun san gidanmu na Nguru gidan fatauci ne. Kakanku daga Haɗeja ya zo ya kafa rumfar hatsi, Yaya Sani ya gaje shi, ni kaɗai aka bar wa boko. Aikina a Gashua yake, a sashen ƙididdigar noma. Bayan kaka malaman gona su kan zaga ƙauyuka su rubuto abin da aka shuka da abin da aka girbe, gero da dawa da wake, shinkafar fadama, shanu da awaki, ni kuma in haɗa a babban kundi, gunduma gunduma. Yaya Sani kan yi mini dariya, ya ce ina ƙirga hatsin da ba zan ci ba. Amma da wannan kundin ake raba taki, da shi ake ba da iri idan ruwa ya ci gonaki, da shi malaman dabbobi ke tsara zagayen allurar shanu. Ƙauyen da ba ya ciki, a wurin gwamnati babu shi. Ɗaki ɗaya nake haya a Gashua. Ranar Juma'a in hau mota in zo wurinku, Litinin da sassafe in koma.

Da aka yanke Yobe daga Barno, sai ƙananan hukumomi suka yi ta haihuwa. Gundumar da jiya take ɗaya, yau ta zama biyu, wannan hedikwatarta a Jajimaji, waccan a wani wuri dabam. Aka umarce ni in warware tsofaffin kundaye, kowane ƙauye in aika takardarsa ga sabuwar hukumar da ya faɗa ciki. Yawancinsu babu wuya. Amma akwai wani ɗan ƙauyen masunta da manoman shinkafa a cikin fadama, ana ce masa Marke Uku. Dokar iyaka ta ce kogi ne ya raba hukumomin biyu, sai dai kogin fadama ba ya zama wuri ɗaya. A tsohuwar taswirar da ke hannuna ruwa ta gabas da ƙauyen ya bi, don haka na aika takardarsu ga hukumar da ke yamma. Ashe ciyawar kachala ta daɗe da toshe wannan hanyar, ruwa ya fasa sabuwa ta yamma da su. Bayan mako biyu aka dawo mini da takardar, an rubuta a ƙasa cewa ƙauyen yana hayin kogi, ba nasu ba ne. Na sa hannu na karɓa. Abin da ya kamata in yi shi ne in kai wa shugabanmu a yanke magana. Amma ranar Juma'a ce, an aiko cewa ƙyanda ta kama Binta, motar Nguru kuma ta kusa cika. Na tura takardar cikin bangon tsohuwar taswirar, na ce sai Litinin. Ranar Litinin aka ce mu kwashe kaya mu koma sabon ofis. Taswirar ta tafi sito tare da tarkace, ni kuma na manta. Abin da ya faru ke nan. Babu wanda ya ba ni ko sisi, babu wanda ya matsa mini.

Bayan kamar shekara biyu wani dattijo dogo ya shigo ofishina, busasshiyar laka har idon sawunsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce shi ne Bulama Maina, mai garin Marke Uku.

“Malam, damina biyu ke nan ba mu ga malamin gona ba. Taki ma sai dai mu ji labari.”

Na buɗe sabon kundi na bi da yatsa. Na ce, “Bulama, ba ku cikin namu. Ku je hukumar yamma.”

“Daga can muke. Sun ce mu je gabas. Gabas kuma suka ce mu zo nan.”

“To, ni dai ban ga sunanku ba.”

Ya tsaya yana kallon kundin kamar zai ga wani abu da ban gani ba, alhali bai iya karatun boko ba. Can ya ce, “Allah ya kyauta,” ya sa takalminsa ya fita. Sunan ya ɗan taɓa mini wani wuri a rai, amma akwai mutane a layi, sai na kira na gaba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda wata Baturiya ta zo. Wani shirin nazarin fadama ne ya kawo ta, tana so ta gano yadda noma ya sauya a yankin tun zamanin da. 'Yar ƙasar Ailan ce, wani tsibiri a gefen Ingila. Ta kai hamsin, furfura ta cika mata kai, tana jin Hausa daidai gwargwado. Sunanta ya yi wa mutane nauyi a baki, sai suka sa mata Mai Taswira. Ni aka haɗa ta da ni, aka ba mu ɗakin da ke jikin sito, muka yi wata biyar a ciki tsakanin kundaye da gara ta fara ci. Ba mai leƙo mu. Idan azahar ta yi in je masallaci in dawo in ci ɗan abin da na saya, ita kuma ta buɗe kwanonta a ɗaya gefen teburin. Ba ta da kowa a garin, ni ma haka. Ban taɓa tambayarta ko tana da iyali ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kwanakin farko na miƙa mata jimlar kowace gunduma shekara shekara, ina ganin na gama aiki. Ta duba ta girgiza kai. Ta nuna mini wata gunduma da geronta ya ragu rabi a shekara guda, ta tambaye ni ko fari aka yi. Na ce a'a, raba ta aka yi, rabin ƙauyukanta suka koma wata hukuma. Sai ta yi murmushi, ta ce wannan ciwon ta san shi tun daga gida. Ta ba ni labari cewa a ƙasarsu ta yi shekaru tana aiki da tsofaffin kundayen noma na fiye da shekara ɗari, tun bayan wata babbar yunwa da ciwon dankali ya jawo musu. A lokacin 'yan sanda ne ke bin gonaki suna rubuta dankali da hatsi da shanu da tumaki. Amma su ma yankunan da ake ƙirga da su an yi ta yanka su ana haɗawa, suna ɗaya ya zama ƙasa biyu dabam a zamani biyu.

“Malam Haruna,” ta ce, “suna yana nan, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gudu. Idan ka yarda da jimla, za ka ga yunwa inda babu, kuma ba za ka gan ta inda take ba.”

Maganinta shi ne a sauka ƙasa. Kowane ƙauye muka yi masa kati, muka bi sunansa shekara bayan shekara, daga kundayen Barno har zuwa sababbi, sannan mu sake haɗa su bisa iyaka ɗaya. Aiki ne mai cin rai. Wani ƙauyen yana da suna a Badanci, wani suna a Barbarci, malamin gona kuma ya rubuta na Hausa. Amma ban ɓoye muku ba, a duk shekarun aikina ban taɓa jin daɗi kamar na waɗannan watannin ba. Karo na farko ke nan da wani ya ɗauki abin da nake yi da muhimmanci.

Wata ranar Laraba da hantsi ta ɗaga wani kati.

“Wannan garin ya mutu ne?”

“Wanne?”

“Marke Uku. Kowace shekara yana nan, shinkafa da shanu. Daga shekarar da aka raba iyaka, babu shi a gabas, babu shi a yamma.”

Sai na ga a zuciyata dattijon nan tsaye a bakin ƙofa da laka a ƙafarsa. Na ga motar Nguru. Na ga hannuna yana tura takarda cikin bangon taswira. Na ce mata wataƙila sun tashi ne, zan bincika. Da ta fita na shiga sito, ban yi minti goma ina nema ba. Takardar tana nan yadda na bar ta, da hatimin tsohon hakimi a sama, da bayanin da aka dawo da ita, da sa hannuna a ƙasa. Shekara ta shida ke nan.

Wannan Juma'ar ban zo Nguru ba, sai ranar Asabar na kama hanyar Marke Uku. Na hau mota zuwa inda hanya ta ƙare, na shiga kwalekwale, muka yi ta kutsawa cikin kachala da ta fi tsayin mutum. Na tarar da Bulama Maina yana gyaran komar kamun kifi a gindin marke. Ya shimfiɗa mini tabarma, na ce masa aikin ƙididdiga ne ya kawo ni. Bai yi ƙorafi ba, ya dai ba ni labari kamar mai lissafa abin da ya faru da wasu. Shekarar da ruwa ya cinye shinkafa, an raba iri a ƙauyukan gabas da na yamma, su ba su samu ba. Shekarar da ciwon huhu ya shigo, suna jin ƙarar motar masu allura a hayin nan da hayin can, ba wanda ya tsallako, shanunsu suka yi ta faɗuwa. Daga nan samari suka fara tafiya, wasu Tafkin Chadi, wasu kudu. Ya zaga da ni ya nuna mini gidaje da danga ta zube, yana kiran sunan mai kowane gida. Na ƙarshe na ƙanensa ne. Takardar tana aljihuna, ina jin ta a ƙirjina, amma bakina ya ƙi buɗewa. Na yi masa sallama na dawo.

Ranar Litinin na ajiye takardar a gaban Mai Taswira. Ta karanta har ƙasa.

“A rahotona zan iya cewa sauyin iyaka ne ya jawo,” ta ce. “Ba ƙarya ba ne. Ba sai sunanka ya fito ba.”

“In kin rubuta haka, za a mayar da su cikin kundi?”

“Rahoto a kan kantar ofis yake kwana, Malam Haruna. Ka fi ni sani.”

Na sani. Hukumomin biyu kowace za ta ce ba ta taɓa jin ƙauyen ba, a yi ta jan magana. Abin da kawai zai tilasta a zauna shi ne wannan takardar, don ita ce shaidar cewa ƙauyen yana cikin kundi tun asali, kuma an san ranar da ya fita. Ita ce kuma take ɗauke da sa hannuna. A lokacin sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma, har ana maganar za a maido ni Nguru kusa da ku.

Lahadin da ta biyo na tara su a tsakar gidanmu na Nguru bayan azahar, kakarku Iya, da Yaya Sani, da mahaifiyarku. Ku kuna makarantar allo, Usman yana goye. Na faɗa musu komai. Yaya Sani bai bari na kai ƙarshe ba.

“Haruna, ka ƙona ta. Wa ya sani? Baturiyar nan gobe za ta koma garinsu.”

“Yaya, mutanen fa?”

“Shanun da suka mutu sun mutu. In kana jin nauyi, zan ba ka buhunan iri ka kai musu sadaka. Amma kada ka kai wuyanka da kanka. Kana da 'ya'ya uku.”

Iya tana jan carbi ta ce, “Ni dai na tsufa. Ina so in riƙa ganinka.” Wannan ta fi maganar Yaya Sani nauyi a wurina. Na juya wajen mahaifiyarku. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

“Malam, ranar da ka bar takardar nan, don Binta ka taho, ko ba haka ba?”

Na ce haka ne.

“To, da mu a ciki. In ka ƙona ta, ni zan riƙa kallon yarinyar nan ina tuna mutanen can. Ka kai. Abin da ya zo ma ɗauka.”

Yaya Sani ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Ya yi kusan shekara ba ya yi mini magana sai gaisuwa.

Na kai takardar, haɗe da bayani da na rubuta da hannuna, ban ɗora wa kowa ba. Aka ba ni takardar tuhuma, aka zauna a kaina, aka cire sunana daga ƙarin girma. Ban ce an zalunce ni ba. Kafin damina aka tura kwamiti ya je ya duba hanyar ruwa, aka sa ƙauyen a hukumar gabas. Da ni aka je, don ni na san hanya. Da aka watse na ja Bulama gefe na gaya masa abin da na kasa faɗa a zuwana na farko. Ya saurara yana kallon ruwa.

“Na gane ka tun ranar,” ya ce. “Kai ne mai kundi, wanda ya ce bai ga sunanmu ba. Ban dai san kai ka cire shi ba.”

Na roƙe shi gafara.

“Nawa na yafe. Na waɗanda suka tafi kuwa, ba a hannuna yake ba.”

Bayan wata guda takardar canjin wuri ta fito. Wani ɗan ƙaramin ofishin gona ne can arewacin Yusufari, inda ba wanda yake son zuwa. Mai Taswira ta riga ta gama aikinta ta koma, ba mu ma yi sallama ba, don ranar da ta tafi ina gaban masu tuhuma. Wasiƙa ɗaya ta aiko mini daga baya, ta ce katunanmu sun yi aiki, ta kuma yi mini fatan alheri. Na rubuta amsa, ban san ko ta isa ba.

Shekara bakwai na yi a can. Babu makarantar da za ku shiga, babu asibiti kusa, shi ya sa na bar ku a Nguru. Ɗaki ɗaya ne a jikin ofishin, da randa, da rediyo, da tuddan yashi ko ta ina ka duba. Mutanen wurin Barebari ne da Fulani, masu kirki, amma harshensu ba nawa ba ne, in an gama gaisuwa sai hira ta tsaya. Na riƙa dafa wa kaina, na riƙa cin abinci ina fuskantar bango. Mota sai ranar kasuwa, ita ma in yashi ya bari. Wani lokaci sai in yi wata biyu ban zo gida ba. Akwai zuwan da na yi na miƙa wa Usman hannu, ya ruga ya ɓuya a bayan mahaifiyarku yana kuka, ya ɗauka baƙo ne. Binta ta sauke Alƙur'ani ba na nan. Saƙon rasuwar Iya kuwa wani direban motar hatsi ne ya kawo mini, kwana uku bayan an binne ta. Ta ce tana so ta riƙa ganina, ni kuma na zaɓi abin da ya hana. Har yau ban san yadda zan auna wannan ba. Aikin kuwa na yi shi da ƙafata. Kowane ƙauye, kowace ruga, sai na je na gani da idona kafin in rubuta, ko da gida uku ne a bayan tudu.

Labarin cin hancin Yaya Sani ne ya ƙirƙira. Abokan kasuwa suna tambayarsa me ƙanensa ya yi aka kore shi daji, sai ya ba su amsar da ba za ta zubar da mutuncin gida ba. Allah ya jiƙansa, don ni ya yi. Mahaifiyarku ba ta taɓa faɗar labarin da bakinta ba, kuma ba ta ƙaryata ba, tana jira in yi da kaina. Ni kuwa da na dawo na ga yadda kuke kallona, sai na kasa.

Bayan na yi ritaya na koma Marke Uku sau ɗaya. Bulama Maina ya rasu, ɗansa ne a kan kujerar, mutum mai fara'a da bai san ni ba. Na ce masa tsohon ma'aikacin gona ne ni, yawo ya kawo ni. Ƙauyen bai koma yadda yake ba, rabin filin gidajen ya zama gonar albasa, amma akwai yara, akwai 'yan shanu a bakin ruwa. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, muna ci yana ba ni tarihin garin.

“Baba, mu nan mun taɓa ɓacewa daga takardar gwamnati. Wani ma'aikaci ne ya jefar da mu, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Sai Allah ya kawo wani bawansa ya tono takardar, har aikinsa ya taɓu saboda mu. Mahaifina kullum yana sa masa albarka.”

“Bai gaya maka sunayensu ba?”

“Bai taɓa faɗa ba.”

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce masa, “Bulama, mutum ɗaya ne. Ga shi a gabanka.”

Ya dube ni. Na ga fuskarsa tana sauyawa, na jira duk abin da zai fito daga bakinsa, don haƙƙinsa ne. Bai janye Allah ya isar ba, bai kuma maimaita ta ba. Ya sa hannu ya tsamo kan kifin daga cikin miya, ya ajiye a gefena na kwanon.

“Ci, Baba,” ya ce. “Hanya da nisa.”

Na ci. Sannan ya raka ni har bakin kwalekwale.